Kazar da ta yi kwancin ƙwan zabi

 

Lissafin kuɗin gyaran rufi yana nan manne a allon sanarwa ga mai son dubawa. Ni yau maganar kaza zan yi. Na san akwai masu dariya, su ce sakatare ya rasa abin rubutawa. To a daure a karanta har ƙarshe, domin maganar kazar nan ta haɗu da wata magana da ta zo gaban kwamiti watan jiya, kuma ta taɓa gidaje da yawa a nan Sabon Ibadan.

Wanda ya san gidan da muke haya ya san babu wani fili, ɗan lungu ne kawai tsakanin katanga da wurin wanki. A nan maiɗakina take kiwon kajin Hausa guda biyar. Cikinsu akwai wata ja, yara suna ce mata Ta-Gwaggo, don gwaggona ce ta ba mu ita lokacin da muka je gida sallah. Bara da damina wani direba abokina, mai kawo albasa daga Aliero, ya zo mini da tsarabar ɗanyen ƙwan zabi guda shida, a cikin ƙwarya, an binne su da ƙaiƙayi. Aka yi dace a makon ne Ta-Gwaggo ta fara kwanci a kan ƙwanta shida. Duk mai kiwo ya san zabuwa ba ta iya reno ba. In ta ƙyanƙyashe, sai ta ja 'ya'yan cikin ciyawa da sassafe, raɓa ta jiƙa su, su mutu. Shi ya sa tun kaka da kakanni kaza ake sa wa ƙwan. Ban yi shawara da kowa ba. Da dare na ɗaga kazar, na jera ƙwan zabin cikin nata, na koma ɗaki ina lissafin zabi shida.

Wanda bai taɓa zama ya kalli kaza mai kwanci ba, wallahi akwai karatun da ya wuce shi. Da bakinta take tsige gashin ƙirjinta don fatarta ta taɓa ƙwan, ɗumin jikinta ya shige su. Tana jujjuya su da baki sau da yawa a yini, na gefe ta jawo shi tsakiya, na tsakiya ta tura shi gefe. Sau ɗaya kawai take saukowa, ta ci, ta sha, ta yi birgima a toka, kafin ka ƙare shan shayi ta koma. In ka miƙa hannu ta kumbura gashi, ta yi gurnani, ta kai maka sara. Kafin mako biyu za ka ga zankonta ya koɗe, in ka ɗaga ta ka ji ta zama kamar kara.

Ranar kwana 21 nata suka fara fitowa. Biyar suka fito, ɗaya ya yi baragurbi. Ta ƙara kwana biyu a gurbin, a na uku ta tashi, ta kira 'yan tsakinta, ta bar ƙwan zabin a nan. Na kama ta na mayar, ta sauko. Na kifa mata kwando, ta tsaya a tsaye ta ƙi kwanciya. Kafin gari ya waye ƙwan sun yi sanyi. Na fasa ɗaya don in gani. Ɗan zabo ne ya kusa cika halitta, har zanen kansa ya fito, ya mutu a ciki. Na yi ta faɗa, ina cewa kazar nan muguwa ce, nata kawai ta sani.

Maiɗakina ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Malam, ai da ka tambaye ni. Ƙwan kaza kwana 21 ne, na zabi yana kai 26 zuwa 28. A garinmu na zabin ake fara sawa, sai bayan mako guda a ƙara na kazar, su fito tare. Ita kazar me za ta yi? Ga 'ya'ya suna kukan yunwa, ga ƙwai ba ya magana."

Gaskiya ta faɗa. Ɗan tsako yana rayuwa kamar kwana biyu da sauran gwaiduwar da ke cikinsa, daga nan dole ya ci ya sha. Uwar ba ta da zaɓi. Laifin nawa ne, ni da na ɗora mata kaya ban yi lissafi ba.

Bana direban ya sake kawowa, muka yi yadda ta ce. Muka share gurbin, muka barbaɗa toka saboda ƙuma, muka sa sabuwar busasshiyar ciyawa. Ƙwan zabi takwas muka fara sawa da dare, bayan kwana bakwai muka ƙara nata guda huɗu, muka yi musu alama da gawayi don in wata kazar ta zo ta yi sabon ƙwai a gurbin mu gane mu cire. Bayan kwana goma muka haska su da tocila a cikin duhu. Mai rai za ka ga jijiyoyi ja sun bazu a ciki, wanda ya fito fayau kuwa babu komai, sai a cire shi kada ya ruɓe ya fashe ya ɓata sauran. Biyu muka cire. Abinci da ruwa muka ajiye nesa kaɗan da gurbin, don dole ta taso ta miƙe ƙafa. Mako huɗu cur ta yi a kwance, an ƙara mata mako guda a kan abin da Allah Ya ɗora wa jinsinta.

Cikin kwana biyu duka suka fito, 'yan zabi shida, 'yan tsaki huɗu. Daga nan aiki ya koma kanmu. Ruwa a murfin gwangwani, mu zuba tsakuwa a ciki kada su faɗa su nutse. Tsakin masara da na gero, yara kuma su je su haƙo gara. Da safe ba a buɗe kwando sai rana ta ɗaga raɓa ta bushe, in hadari ya haɗu kuwa a kwashe su da gudu, kun dai san ruwan Ibadan ba ya sallama. Da dare a toshe duk wata kafa saboda ɓera da gafiya. Da rana kuma ido yana sama, don Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa.

Abin da na zauna na lura da shi shi ne wannan: ko sau ɗaya ban ga ta bambanta ba. In ta tono tsutsa, kira ɗaya take yi, wanda ya riga isowa shi ya samu. In inuwar shirwa ta gifta, wani kukan daban take yi, duka goman su ruga ƙarƙashin fukafukanta, masu zane da marasa zane. Ranar da muzurun maƙwabta ya diro, ɗan zabo ya nufa, amma haka ta tashi ta bi shi da duka har kan katanga.

Bayan kamar wata biyu sai ta fara korar su da sara, nata da na zabin duka, ta koma yin ƙwai. 'Yan zabin kuwa suka ware suka yi ƙungiyarsu. Akurki ya daina yi musu, sai saman katanga. Kukansu daban, tafiyarsu daban. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Mako huɗun da aka yi a kansu da wata biyun reno bai mai da ko ɗaya kaza ba.

To ga maganar da ta zo kwamiti. Da izinin mai ita nake rubutawa, na kuma ɓoye abin da zai sa a gane shi, don haka kada kowa ya tare ni a ƙofar masallaci yana tambaya. Wani bawan Allah ne ya riƙi ɗan ƙaninsa tun yana shekara 5. Ya sa shi Islamiyya, ya sa shi boko, ya koya masa sana'arsa. Yanzu yaron ya kai 17. Uban ya aiko daga gida yana son ɗansa ya koma ya taya shi noma, yaron ma ya nuna yana son tafiya. Mai riƙon ya zauna gaban Liman muryarsa tana rawa, ya ce, "Allah gafarta Malam, shekara 12. Ko sabulu uban nan bai taɓa aikowa ba. Ranar da yaron ya kwanta asibiti ni da matata muka kwana a tsaye. Yanzu da ya zama mutum shi ne za a ce a ba da shi? Ashe ƙwan zabi na kwanta wa."

Da ya faɗi haka sai gabana ya faɗi, na tuna lungun gidanmu. Tambayar da na kwana da ita ke nan: wanda ya reni ɗan wani, ɗan ya girma ya koma wurin nasa, wahalarsa ta tafi a banza ke nan? Da na yi ta juya ta, sai na ga ba a iya amsa ta sai an raba mutanen da ke cikinta. Su uku ne: mai kwanci, mai ƙwai, da abin da ya fito daga ƙwan. Kowa da haƙƙin da ke kansa.

Mu fara da mai riƙo. Riƙo amana ce, kuma ita amana tun ranar da ka karɓe ta ka san akwai ranar mayarwa. Mun san tarihin Zaidu ɗan Harisa, Allah Ya ƙara masa yarda. A gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tashi. Da mahaifinsa da baffansa suka zo Makka neman sa da kuɗin fansa, Manzon Allah bai karɓi komai ba, bai kuma ƙirga musu abin da ya kashe ba. Ya kira Zaidu ya ba shi zaɓi, ko ya bi su ko ya zauna. Zaidu ya zaɓi zama. Duk da haka daga baya aya ta 5 a Suratul Ahzabi ta sauka, ta yi umarni a riƙa kiran irin waɗannan 'ya'ya da sunan iyayensu. In wanda ya fi kowa iya riƙo bai mallake ɗan riƙonsa ba, to ni da kai fa? Ladan mai riƙo yana cikin kwanakin da ya yi yana ciyarwa, yana tufatarwa, yana kwana a tsaye a asibiti. An riga an rubuta. Tafiyar yaro ba ta goge ko kwana ɗaya.

Amma a nan akwai magana mai ɗaci, kuma sai na faɗe ta. Ba kowane mai riƙo ne ya kai Ta-Gwaggo adalci ba. Akwai gidajen da za ka ga ɗan gida ya sa kayan makaranta ya tafi, ɗan riƙo kuma yana shataletalen Mokola yana bin motoci da ruwan leda. Ɗan gida a katifa, ɗan riƙo a kwali. Mun gani, mun sani, muna yin shiru don kada a ce mun shiga gidan mutane. Wanda ya yi irin wannan riƙon, in yaro ya gudu, kada ya zo masallaci yana kukan butulci. Lebura ya ɗauka bai biya ba.

Sannan kuskurena na bara, mu maza muna yawan yin sa. Mutum ya je gida biki ko ta'aziyya, a ce ga yaro ka tafi da shi, kunya ta hana shi cewa a'a. Ya sauko mota da yaro, ya miƙa wa matarsa a ɗaki ɗaya da 'ya'ya huɗu da goyo, ko waya bai yi mata ba. Shi da safe ya fice kasuwa. Wa zai yi wanka da wanki da jinyar dare? Ita. In abin ya fi ƙarfinta ta fara gajiya, sai a ce muguwa ce, nata kawai ta sani, irin maganar da na yi wa kaza. Alhali ba a tambaye ta ba, ba a duba ko gurbin zai ɗauka ba. Kazar Hausa in ka jera mata ƙwai fiye da abin da jikinta zai rufe, na gefe ne ke yin sanyi, kuma da yake tana jujjuya su, a ƙarshe duka suke lalacewa.

Na biyu shi ne mai ƙwai, wato uban yaro. Ni da na sa wa kaza ƙwan da ba nata ba, na ƙara mata mako guda na yunwa, cinta da shanta da tsaronta duk sun hau wuyana. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim game da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. In haƙƙin kyanwa ya kai haka, yaya na ɗan'uwanka da ka ɗora wa ɗanka? Malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa ciyar da ɗa namiji yana kan mahaifinsa har ya balaga, mace kuwa har ta tare a gidan miji. Don ɗan'uwanka ya ɗauke maka, alheri ya yi maka, wajibin bai tashi daga sunanka ba. Ko ba ka da kuɗi, kana da mudun gero, motoci kullum suna sauka Shasha da Bodija daga Arewa. Ko babu geron, kana da baki. Ka kira ka ce, "Yaya, sannu da ɗawainiya, a gaida mai ɗakinka." Abin da ya fi ƙona ran bawan Allahn nan, da muka zauna da shi, ashe ba kuɗin ba ne. Shekara 12 ba a taɓa ce masa an gode ba, sai kawai saƙo ya zo wai a turo yaro.

Na uku shi ne yaron. A nan misalin kaza ya ƙare, domin zabo dabba ne, ba a tambayar sa. Ɗan Adam kuwa za a tambaye shi. Hausawa suna da zambo biyu da suka ɗauko daga akurki: ɗan tsako samu ka ƙi dangi, da kuma kaza ci ki goge baki. Yaro yana da damar komawa wurin mahaifinsa, babu mai ce masa butulu don wannan. Butulcin shi ne ya tafi ya shafe hanya. Masu tarihin Manzon Allah sun kawo cewa bayan yaƙin Hunaini, shekara ta 8 bayan hijira, an kawo Shaima'u, 'yar Halimatus Sa'adiyya da ta shayar da shi, cikin kamammu. Fiye da shekara hamsin da rabuwa, amma da ya gane ta sai ya shimfiɗa mata mayafinsa, ya zaunar da ita, ya yi mata kyauta, ya mayar da ita ga mutanenta cikin girma. Samarinmu da suka tashi a hannun baffa ko kawu ko gwaggo, ku ji wannan. Wanda ya riƙe ka ba ya cikin masu gadonka don riƙon kawai, kai ma ba ka cikin nasa, amma gaisuwa da ziyara da jinya ranar tsufa bashi ne a kanka.

Na san wani zai ce, sakatare, kaza fa ta manta, bayan wata biyu ita da kanta take korar su, shi mutum zuciya gare shi. Haka ne, ban musa ba. Kada kowa ya ce wa mai riƙo kada ya ji zafi. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana karkaɗa fukafukai a kansu. Da Manzon Allah ya dawo ya gani, ya nemi sanin wanda ya tayar mata da hankali, ya sa aka mayar mata. Addinin da ya kula da zafin zuciyar tsuntsuwa ba zai raina hawayen wanda ya yi reno shekara 12 ba. Sai dai mu tuna, a can gida ma akwai wata uwa da ta haifi yaron nan, ita ma shekara 12 take karkaɗa nata fukafukan ba wanda ya gani. In an duba zafin wannan, a duba na waccan.

Yadda aka ƙare, Liman ya kira uban a waya a gabanmu. An tsaya a kan yaron zai gama jarrabawarsa tukuna, sannan uban ya zo da ƙafarsa, ya yi wa wansa da matar wansa godiya, ya tafi da ɗansa. Yaron ya yi alkawarin dawowa da rani ya taya a shago. Ba zan ce mai riƙon ya fita yana murna ba. Ya dai share ido ya ce Allah Ya sa haka ya fi alheri.

Shawarar da kwamiti ya amince in isar ita ce: duk mai niyyar karɓar riƙo, ya fara shawara da iyalinsa kafin ya amsa. Sannan shi da uban yaro su yi magana a fili tun farko, shekara nawa, wa ke da kuɗin makaranta, wa ke da na asibiti, yaushe yaro zai riƙa zuwa gida. Kunya ce take hana mu, ita ce kuma take haifar da gaba daga baya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. In kuɗi ya cancanci takarda, ɗan mutum ya fi cancanta. Mai so ya same ni bayan sallar Isha'i, zan rubuta masa kyauta, shaidu biyu su sa hannu.

Zabin nan shida har yanzu a kan katanga suke kwana, amma da yamma in an watsa dawa sukan sauko su ci tare da Ta-Gwaggo. Ita kuma shekaranjiya ta sake hawa gurbi. Na fara maganar direba zai zo, maiɗakina ta ce, "Malam, wannan karon a bar ta da nata, ta huta." Na ce to.

Allah Ya saka wa duk mai riƙon amana da alheri, Ya shirya mana zuriya, Ya jiƙan iyayenmu da waɗanda suka rene mu. Amin.

Wassalamu alaikum.
Sakataren masallaci